Takalmin Hawan Dutse da Ƙullin Gwaggo

Ranar da ƙanina ya ce min zai je ƙasar waje ya hau dutse, ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai da na ajiye faifan na dube shi da kyau. Mutum ne mai mata da 'ya'ya, ma'aikacin gwamnati a nan Gusau, wanda ko masallacin unguwa zai je sai ya tayar da babur. Ya ce shi da abokan aikinsa ne za su je gabashin Afirka, akwai wani dutse da ƙanƙara ke kwance a kansa, in sun sauko kuma a zaga da su daji cikin mota su kalli zakuna da giwaye.

"Daji?" na ce. "Mu da muke roƙon Allah ya raba mu da daji, kai kuma jirgi za ka hau ka tafi nemansa?"

Dariya ya yi, ya ce, "Yaya, nasu dajin ba irin namu ba ne."

Gaskiya ya ba ni mamaki, don bai ɗauki abin da wasa ba. Ya sayo wani takalmi mai nauyi kamar taɓarya, kullum da safe ya ɗaure shi ya zaga unguwa don ƙafarsa ta saba. Ya sayo rigunan sanyi da safar hannu da wata fitila da ake ɗaurawa a goshi, 'ya'yansa suka mai da ita abin wasa. Ya je asibiti aka yi masa allurar rigakafin shawara da ta taifot, aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, da wata ƙwaya da aka ce tana taimakon mutum a can sama inda iska ke ƙaranci. A wajen wannan binciken ne likita ya gano jininsa ya hau, shi kuwa bai taɓa sani ba. Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ɗora shi a kan magani na kullum, ya ce ya rage gishiri, ya nisanci kanwa, kuma in jinin bai sauka ba shi ba zai yarda da tafiyar ba.

Da na ji haka sai hankalina ya ɗan kwanta. Na ce wa matarsa ashe haukan nan ya yi rana, tunda ya tono ciwon da ke kwance. Jinin ya fara sauka, tumbin ma ya fara saɓewa. Ranar hutu sukan je Kwatarkwashi shi da abokan tafiyarsa su gwada ƙafa a kan dutsen, su dawo kafin rana ta yi zafi.

Sai lokacin sallama ya zo. A wajenmu mutum ba ya kama doguwar hanya bai zaga dangi ya yi bankwana an sa masa albarka ba. Muka fara da Tsafe, dangin mahaifiyarmu. Can dai addu'a aka yi, aka yi ta mamaki, wani kawunmu ya tambaye shi ko duwatsun Tsafe sun ƙare ne. Muka ci tuwo, muka kamo hanya tun da sauran rana.

Bungudu kuwa shi kaɗai ya je, ni ranar ina da baƙi. Can Gwaggo take, yayar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shi yana ɗan ƙarami a lokacin, a bayanta ya girma. Ni nakan mayar mata da magana in ta kama, shi ya sa take ce min mai bakin tsiya. Shi ko har ya yi furfura a gemu bai taɓa zama kan kujera a gabanta ba, kuma duk abin da ta miƙo masa da hannu biyu yake karɓa.

Abin da ya faru a ɗakinta daga baya na ji shi, daga bakin matarsa. Da Gwaggo ta ji ana maganar ƙanƙara sai ta dafe ƙirji. A ganinta ba zaki ba ne abin tsoro, sanyi ne, wanda in ya shiga ƙashin mutum ba ya fita. Ta haɗa masa ƙulli na jar kanwa da wasu saiwoyi, ta ce ya riƙa jiƙawa yana sha safe da yamma har ranar tafiya. Ya ce mata yana shan maganin asibiti. Ta ce to ai ba a gama na asibiti da na gida, faɗa suke yi a ciki, ya aje wancan har ya gama wannan. Ya ce to.

Wannan "to" ɗin ita ce har yau nake juyawa a raina. Mutumin da ya san sunan kowace allura da aka yi masa, wanda likita ya ambata masa kanwa da sunanta, ya dawo gida ya tura ƙwayoyinsa bayan madubi. Matarsa ta yi magana, ya ce kwana kaɗan ne, kuma ba zai iya ce wa Gwaggo ya sha ba alhali bai sha ba. Ya hana ta gaya min, don ya san halina.

Wata Asabar da hantsi aka kira ni a waya. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa ne, ya ce in zo asibiti. Suna tsakiyar hawa a Kwatarkwashi ya ce kansa na sara, ya zauna a kan wani falalen dutse, sai suka ga bakinsa ya karkace. Da kyar suka sauko da shi.

Na tarar da shi kwance, takalmin nan na ƙafarsa har lokacin, ba wanda ya tuna ya kwance igiyar. Ya dube ni yana son ya ce Yaya, kalmar ta ƙi fita. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai, ɓarin dama ya shanye. Ya tambayi matarsa ko yana shan maganinsa, ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka, a nan na ji labarin ƙullin. Ban taɓa jin abin da ya girgiza ni irin wannan ba. Duk tsorona yana kan jirgi da namun dajin wata ƙasa, ashe abin yana cikin kofin silba a ɗakin matarsa.

Abokansa sun tafi, sun dawo da hotuna. Shi kuma aka sallamo shi, ya koma koyon taka dokin ƙofar ɗakinsa da sanda. Magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, hannun dama ne dai ya ƙi motsi.

Gwaggo ta zo dubiya cikin motar haya, ta tsufa a 'yan makonnin nan har na ji tausayinta ya kama ni. Ba wanda ya gaya mata dalili, dangi sun ce kada a ɗora wa tsohuwa abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ta zauna a bakin katifarsa tana shafa masa kai.

"Sannu ɗana. Na hwaɗi, sanyin ga mugu na. Tun ba ka tahi ba ya riga ya kama ka."

Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli, ya fi na farko girma. Ta ce, "Wanga ya hi wancan ƙarhi. Amshi."

Na zuba masa ido, na tabbata wannan karon zai kau da kai. Sai na ga ya sa hannun hagu ya kamo na daman da ya mutu, ya ɗago shi da kyar, gumi na tsatso masa a goshi, ya tara mata tafukan biyu. Ba zai karɓi abu daga hannun Gwaggo da hagu ba.

Ni na miƙa hannu na ɗauke ƙullin kafin ya sauka. Na ce, "Kawo in aje masa, Gwaggo." Ya juyo ya dube ni, bakinsa a karkace, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ba ni ta bai wa ba?"