Ranar da Kawu Ya Ƙi Zama Mara Lafiya

Kawuna mahauci ne, kuma tun yana da hannu biyu ba a taka shi a kwana lafiya. Injin niƙa nama ya cinye masa hannun hagu. Da ciwon ya warke sai maƙeri ya yi masa ƙugiya. Yakan ɗaure ta a dungun, ya cafke cinyar saniya da ita, ya sara da dama.

Mahautan kasuwarmu suna da al'ada: in mutum ya kwanta jinya, sai a ba wani aron teburinsa har ya warke. Na kawu, surukin shugaban ƙungiya aka ba. Kawu ya dawo, suruki ya ƙi tashi, aka kira zama a rumfa.

Shugaba ya yi ta zuba zance kamar zuma. "Ɗan'uwanmu mara lafiya ne, jama'a. Mu tausaya masa, ya huta har Allah ya ba shi sauƙi."

Na tsani bakin mutumin nan har yau. Yaran kasuwa da ke ce wa kawu mai dungu ba su taɓa hana shi cin abinci ba. Amma hannu ba ya tsirowa, don haka muddin ana ce masa mara lafiya, teburin ya tafi ke nan, ga 'ya'ya a gida.

"Yallaɓai, hannu ne ba ni da shi," in ji kawu. "Lafiyata ƙalau."

"Ka yi haƙuri, zafin ciwo ne."

Kawu ya tashi ya kwance ƙugiyar, ya ajiye kusa da wuƙarsa, don kada a ce da ƙarfe ya yi. Ya shaƙo wuyan rigar shugaba, ya maka masa dungun a baki. Suruki ya taso da icen sara, kawu ya gwara kan surukin da ginshiƙi, ya koma kan shugaba. Su ma sun fasa masa gira, jini ya rufe masa ido.

Shugaba yana tofar da haƙori ya ce, "Ku riƙe mini mai dungun nan! Ƙarfinsa ya fi na bijimin sa!"

Kawu ya sake shi, yana haki. "Kun dai ji da kunnenku."

Ya kwana biyu a hannun 'yan sanda, kuma idon bai ƙara gani sosai ba. Ranar da ya fito, ko gida bai biya ba. Ya tarar da teburin ba kowa, ya ɗebo ruwa ya wanke shi.