Muryar Da Ta Tafi Da Wayar Kawu

Ko da zan tsufa in manta sunayen jikokina, abin da rubutun hannuna ya jawo wa kawuna ba zai fita raina ba.

Lokacin ban daɗe da barin lekol, makarantar boko, ba, ni da waya kuwa kamar ƙuda da mangwaro. Babu wanda ya koya mani komi, da latse-latse na iya. A wani gurup na haɗu da wani mutum, har yau ban san fuskarsa ba, ya ce yana da shafin kallon fim da saukewa, yana neman mai Hausa. Zai turo mani rubutu guda, in juya shi kashi ashirin, magana ɗaya amma kalmomi daban, wai don duk mai neman fim a intanet ya faɗo shafinsa. Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa mani rawani.

Kwana uku daɗin ya ƙare. Kullum ina gindin bedi, wato dogon yaro, a bakin tafkin Madarumfa, inda rezo, sabis ɗin waya, ya fi kamawa, ina juya "sauke fim kyauta" ya koma "ɗauko fim ba ko dala", "kalla" ta koma "duba", ta koma "ba ido abinci". Shi kuwa "amintacce" na ɗinka masa riguna har na gaji: babu haɗari, ba cuta ba cutarwa, hankalinka kwance. Wuya ta ƙage, ido ya yi ja, kai kamar an daka a turmi. Amma ko sau ɗaya ban danna wurin saukewar ba. Forfe ɗina, wato datar intanet, ba ya isa, kuma a ganina nawa aikin kalmomi ne kawai.

Da rubutuna ya hau shafin sai zumuɗi ya kwashe ni. Na tura shi gurup ɗin danginmu, har na karanta da murya saboda waɗanda ba su yi boko ba.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, masunci ne. Shekara guda kafin nan babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota, yana dawowa daga ci-rani a Najeriya. Saƙonnin muryar da ya riƙa turo wa Kawu suna cikin wayar. In ya fito ruwa ya shanya taru, sai ya kunna ɗaya ya kara a kunne. Kowa ya san haka, har ni.

Washegarin da na tura shafin, da hantsi, sai ga shi gindin bedin.

"Ɗana, duba mani wagga waya. Tun da na danna abin nan naka take zafi, hotuna na ta faɗowa, yanzu ta ƙi buɗewa."

"Haba Kawu, mi ya kai ka dannawa?"

"Ka ji ja'iri! Ba kai ka ce hankalina kwance ba? Da kunnena na ji ka."

Muka hau moto sai Maraɗi. Mai gyara ya jujjuya ta, ya gwada nan ya gwada can, ya ce sai dai a wanke ta tas, komi zai tafi.

"Har muryar yaron?" in ji Kawu.

"In ba kan kart memwar, katin ajiya, take ba, Baba."

Ba kan kart take ba. Kawu ya ce a wanke. A hanyar dawowa ko kallona bai yi ba. Da zagina ya yi, da ya fi mani sauƙi.

Sati biyu ina bin gidaje da rumfuna ina tambayar ko wani na da muryar marigayin. Wannan ya sake waya, wancan ya goge saboda wuri ya cika. Na gaji, ƙafa ta gaji, bakina ya gaji da maimaita bayani. Sai a garin Gabi na samu wani abokin tafiyar marigayin da saƙo ɗaya, gajere. Yawanci zancen kuɗin mota ne da lokacin tashi, amma a ƙarshe ya ce: "In ka riga ni isa, ka gaida Baba, ka ce ya rage shiga ruwa da sanyin safiya."

Kawu ya saurara sau uku a jere. Ya share ido da bakin riga.

"Wagga ban taɓa jin ta ba," ya ce. "Aje mani ita wuri biyu. Kuma kai, kar ka sake karanta mani abin da ba ka ɗanɗana ba."

Ranar mutumin ya turo sabon rubutu a juya. Ban amsa ba, har yau.

Ban daina rubutu ba, kuma har gobe in na koyi sabon abu bakina ba ya shiru. Amma na gane in ɗan gida ya ce abu amintacce ne, ba shafi ake yarda da shi ba, ɗan gidan ake yarda da shi. Na san hanya ashirin ta faɗin "babu haɗari", dannawa ɗaya ce ban yi ba, kuma Kawu ne ya biya.