Yaya Binta da Jinyar 'Yar Fari

Watan nan shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai yayata Binta makwancinta. Ni kaɗai na rage a ɗakinmu, gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, kuma akwai maganar da na gaji da riƙewa.

A shekarun saba'in, bayan an koma tuƙi ta hannun dama, tana aure a Gyaɗi-Gyaɗi, ni ina Tarauni, gonaki ne tsakaninmu. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai ga gida ba. 'Yarta ta fari, Sa'adatu, tana da shekara bakwai kumatunta ya fara kumbura. Muka ce hangum ne, muka ce haƙori ne. Da aka kai ta asibiti a cikin gari, likita ya ce ciwon daji ne.

Yaran yanzu ba za su gane kunyar ɗan fari ba. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai. Yaya Binta ta tafi da wannan har asibiti. Ranar da nas ta tambayi sunan yarinyar, ni Yaya Binta ta juyo ta kalla, ni na faɗa. Wata biyar tana kan tabarma a gindin gado, ta dama koko ruwa-ruwa don shi kaɗai ke wucewa, ta wanke amai, ta koma ta zauna. In muka ce, "Ya mai jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi," ta shiga tambayar yaranmu.

Mu kuwa sai yabo. Innarmu takan ce, "Kun ga kara, ko gezau." Mun ga idonta a bushe, muka ɗauka zuciyar ma haka take. Mu kai tuwo, mu ɗan zauna, mu kama hanya. Ni da bakina na yi alfahari da dauriyarta a gidan biki. Sa'adatu ta rasu da damina.

Da Yaya Binta tana raye yau, da ta ji daɗin yadda iyaye mata ke faɗin damuwarsu a rediyo, ana kuma samun yaran da ke warkewa. Amma da ta leƙa ɗakin yara a asibiti, tabarmar nan za ta gani, da uwa ɗaya a kai tana gyangyaɗi.

Bayan rashin nan, duk matar unguwa da ɗanta ya kwanta ciwo mai tsawo, sai Yaya Binta ta yafa gyale ta je ta ce, "Tashi ki je ki yi wanka ki miƙe bayanki, ina nan." Na ɗauka neman lada ne kawai. Sai a ciwon ajalinta, ina matsa mata ƙafa, ta ce, "Ladi, a wata biyar ɗin nan, da sau ɗaya kin ce in je gida in kwanta, da na je." Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya sa har yau yake ci na.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari shi ne wannan zuwa da take yi, kuma na yi shekaru ina yaba shi daga zaune. Akwai maƙwabciyata da ke jinyar ɗanta tun kafin azumi. Ranar Juma'a zan je, ko da sanda. Allah Ya jiƙan Binta da Sa'adatu, Ya yafe mana.