Koci Sale Yana Raye, Zan Kai Masa Godiyata

Jama'a, Koci Sale yana raye! Wallahi yau da safe labarin ya same ni, sai da shayin hannuna ya zube. Wani direba ne ya gan shi a Babura, zaune a ƙofar gidan 'yarsa. Ni kuwa shekara da shekaru ina sa shi cikin addu'ar mamata!

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Zamanin da arzikin fetur ya buɗe, har masaƙu suna da kulob ɗin hoki, ƙwallon gora ke nan. Shi ne kocin wata masaƙa a Kano. Ya ga wasana a makaranta a Kazaure, ya biyo ni har garinmu Roni da kwantiragin sabon shiga: shekara uku, ba zan buga wa kowa ba sai su.

Babana ko kallon takardar bai yi ba. Hannuna ya kama ya sa a na Koci, ya ce, "Malam, na ba ka amanarsa."

Sandata ta farko tasa ce. Takalmina in ya yage, da kansa yake kai wa mai gyara.

Shekara uku ta cika, takarda ta sake ni. Wani babban kulob na Legas ya aiko yana nema na, saura kwana huɗu a rufe rajista. Na ce ba inda za ni. Takarda ta ƙare, amma maganar Baba ta ƙare ne?

Koci ya ce, "Kai Habu, ashe sakarai ne kai? Hau babur!"

Ni ne fa mai ci masa ƙwallo, ku lura. Haka ya goyo ni tun daga Kano har Roni, ya durƙusa gaban Baba, ya mayar masa da hannuna. "Baba, ga amanarka lafiya lau. Yanzu sai inda ya zaɓa."

Baba ya sa albarka. Ɗoki ya ɗebe ni, na faɗa mota, ko na gode ban ce wa Koci ba. Daga baya masaƙar ta rufe, aka ce ya koma Nijar, aka ce ya rasu. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Gobe in sha Allahu sammako zan yi zuwa Babura.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka masa da Aljanna, ya sa in same shi ya gane ni. Don Allah ku taya ni da addu'a, kalma biyun nan, "na gode", kawai nake so in kai masa.