Ranar da na ɗaure fizibil da waya mai kauri

Shekaru da dama ke nan da faruwar abin nan, lokacin ina wata na uku a wata makarantar koyon sana'a a Damagaram, sashen aikin kuran, wato wutar lantarki. Mu biyu ne mata a ajin. A gida kuwa tun satin farko aka ba ni sarauta. Ko ampul, ƙwan fitila, ya mutu sai mahaifiyata ta ce, "A bari injiniyarmu ta dawo." Ni ma kaina ya kumbura, alhali abin da na iya bai wuce fere waya da riƙe turnabis na kwance noti ba.

Gidanmu tsohon gidan ƙasa ne a Birni, gidan yawa, kwantar ɗaya, wato mita ɗaya, muke sha. Wata siririyar waya ce aka jawo zuwa sashenmu tun ban san kaina ba. Ta bi ta cikin ɗakin kakata, a jikin azara, ƙarƙashin asabarin rufi, sannan ta fita rumfa. A bakin wayar akwai fizibil, irin na tangaran ɗin nan na da, mai ɗan siririn zaren ƙarfe a ciki.

Bazara ce. Mahaifiyata na sayar da ƙanƙara, har ta aro firigo na biyu wurin maƙwabciya. Yayata kuma ta sayi sabon dutsen guga tana yi wa mutane guga. Ga fankar kakata, wadda ba a kashewa, don tsohuwa ƙafafunta sun daina ɗaukarta, a kan gado take wuni. Duk a kan wayar nan ɗaya. Da an jona dutsen guga sai fizibil ya tsinke. Sau uku a kwana biyu ina sa masa sabon zare.

Ranar da nake faɗa, da safe ya sake tsinkewa, ga mahaifiyata tana shirin tafiya bikin suna a garin Droum. Ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin gyara ne kullum sai an sake? Ƙanƙarata za ta narke, kakarki za ta dahu. Ki yi mana na gaskiya mana."

Zuciya ta ɗebe ni. Na tuna yadda na ga masu gyaran unguwa suna yi. Na yanko jar waya mai kauri, na fere, na ɗaure ta a gurbin zaren, na mayar da fizibil. Fanka ta tashi, firigo suka ɗauki gurnani, yayata ta jona dutsenta, babu abin da ya tsinke. Kakata ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƙawata." Na tafi makaranta ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro kuran.

Wajen ƙarfe sha ɗaya malaminmu ya shigo da batir da ɗan zaren ƙarfe. Ya ce yau darasin kariya ne. Ya fara da abin da muka riga muka yi: kuran sai ya sami hanya ya je ya dawo yake gudu, kuma duk na'urar da aka ƙara a layi, kuran da ke bi ta wayar ƙaruwa yake. Waya kuwa tana da iyakar abin da take ɗauka, in aka wuce sai ta yi zafi. Ya haɗa zaren da batir, muna kallo ya yi ja ya tsinke.

"Kun gani?" in ji shi. "Da gangan aka yi shi siriri, don ya riga wayar gida mutuwa. In ya tsinke, faɗa muku yake kaya sun yi yawa. Wanda ya cire shi ya ɗaura waya mai kauri, zafin bai tafi ko'ina ba. Wani wuri zai nema ya ƙone, kuma wurin nan cikin ɗaki ne."

Ban ƙara jin komai ba sai kalmar ɗaki. Wayar nan nake gani a jikin azara, da busasshen asabari a samanta, da kakata kwance a ƙasa. Na ɗaga hannu na tambaye shi.

"Malam, in babban disjonkter mai yanke kuran na gida yana nan fa, ba zai faɗi ba?"

Ya ce, "In na gida duka ne, shi da sauran ƙarfinsa. Siririyar waya za ta narke bai ma sani ba." Sai ya tsaya ya dube ni. "Me kika yi?"

A gaban aji duka na faɗa. Ban damu da dariyar maza ba, kuma babu ma wanda ya yi. Ya ce, "Kira gida yanzu." Na kira lambar yayata, sai muryar mahaifiyata na ji daga Droum cikin hayaniyar mata. Ashe tata wayar ta lalace, ta ari ta yayata ta tafi da ita. Ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, na kashe. Me zan ce mata daga can?

Malam ya ce, "Tashi ki tafi. Kada ki taɓa komai sai kin sauke disjonkter."

Na tare ɗan kabu-kabu, ko ciniki ban yi ba. Hanyar da na saba bi kullum ranar ta ƙi ƙarewa. Ido na sama, ina neman hayaƙi ta wajen Birni, bakina ba abin da yake sai "Ya Allah, tsohuwa." Ina lissafi a raina: yayata a rumfa take guga da rediyo a kunne, ta ba ɗakin baya. Kakata ko ta yi kira, muryarta ba ta kai ƙofa.

Mun kusa unguwa na ga masu walda zaune a inuwa suna fifita. Ɗan kabu-kabu ya yi tsaki ya ce, "Sun sake ɗaukewa." A rayuwata ban taɓa jin daɗin ɗauke kuran ba sai ran nan. Amma nan take wani tsoron ya zo, don yana iya dawowa kowane lokaci.

Na faɗa gida da gudu, na sauke disjonkter, na zare fizibil. Yayata ta biyo ni tana cewa, "Ke lafiyarki? Ai tun ɗazu babu kuran." Na wuce ta na shiga ɗakin kakata. Warin ƙonanniyar roba ya tare ni tun daga ƙofa. Robar wayar ta narke ta yi tsawon kamu ɗaya, tagulla a fili, azara ta yi baƙi, bakin asabarin ya fara toyewa. Daidai saitin kan kakata ne.

Kakata ta ce, "Ƙawata, kin dawo da wuri. Tun ɗazu nake jin wari, na ce ko maƙwabta ke ƙona shara."

Na zauna a bakin gadonta ina kuka, ita tana shafa kaina tana tambaya ko malam ne ya dake ni. Ina nan zaune na ji rediyon maƙwabta ya ɗauka. An dawo da kuran.

Washegari malaminmu ya zo da kansa, muka ja sabuwar waya ta bayan ɗaki, guga da layinta, firigo da nasu. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata da yayata sun san komai, amma muka haɗa baki muka ɓoye wa tsohuwa.

Yau ni ke koya wa wasu, kuma darasin kariya da shi nake farawa. Duk abin da ya tsinke, kafin a mayar da shi sai na tambaya me ya tsinka shi. Har kakata ta rasu tana faɗa wa baƙi cewa jikarta ce ta gyara mata fanka. Sau biyu mahaifiyata ta so a shafe baƙin nan na jikin azara, na ce a bar mini shi. Har yanzu in na shiga ɗakin, sama nake fara dubawa.