Sunan Da Ban Rubuta Ba

Cikin duk kwanakin da na yi ina aikin kotu, akwai wata Juma'a ta farkon damina da har yau na kasa mantawa da ita. Lokacin ni ne rajistara a wata ƙaramar kotun shari'a a arewacin Kano, saura wata biyar in yi ritaya. A kotun nan na fara aiki ina saurayi, a matsayin mai rubuta shari'a, aka yi ta yawo da ni gari-gari, daga ƙarshe aka dawo da ni inda na fara. Na dawo da furfura da ciwon baya da gajiyar da barci ba ya maganinta. Gaskiya a lokacin ba aiki nake yi ba, kwanaki nake ƙirgawa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in ɗan yi bayani. Duk shari'ar da alƙali ya yi ana rubuta ta a babban littafi, a ba ta lamba. A farkon kowane littafi akwai shafukan da muke kira fihirisa, inda ake jera lambar shari'a da sunan mai ƙara da sunan wanda ake ƙara. In mutum ya zo neman kwafin hukunci, sai a rubuta masa takardar nema, rajistara ya nemo shari'ar ta fihirisa, a kwafe ta, a gwada da ta asali layi-layi, a buga hatimi, rajistara ya sa hannu, alƙali ya sa hannu. In babu hatimi da sa hannun nan, takarda ce kawai ta ƙunshe ƙosai. Tsofaffin littattafanmu kuwa suna wani ɗaki a bayan kotu, wanda muke raba haya da gara da ɓeraye.

Ranar Talata ta makon ne wata mata ta shigo ofishina. Za ta kai shekara arba'in da biyar, ƙafafunta duk taɓo, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni. Ta ce sunanta Saude, daga wani ƙauye ta ɓangaren Shanono, kuma takardar rabuwar aurenta na fari take nema. Mijin ya tafi ci-rani Kudu ne tun tana yarinya, shekara huɗu babu aike babu labari, sai kotun nan ta raba auren. Ta yi idda, ta auri wani, suka haifi 'ya'ya huɗu. Takardar da aka ba ta a wancan lokacin tana cikin adakarta, har shekarar da ɗakinta ya rushe da damina, ruwa ya cinye komai.

Na tambaye ta me za ta yi da takardar bayan duk shekarun nan. Ta ce mijin na biyu ya rasu, ba ta daɗe da fita takaba ba. Da aka je rabon gado a wata kotu, sai ƙanin marigayin ya miƙe ya ce shi bai san an taɓa raba aurenta na fari ba, aure a kan aure aka ɗaura. Alƙalin can ya ba ta zuwa Litinin ta kawo kwafi mai hatimi. Na san abin da maganar take nufi tun kafin ta ƙarasa. Shari'a tana da hanyoyin kare yara a irin wannan, amma bakin mutanen ƙauye ba a ɗaukaka ƙara a kansa. In aka tashi zaman Litinin babu takarda, 'ya'ya huɗu sun zama 'yan gaba da Fatiha a bakin jama'a, kuma babbarsu an riga an sa mata rana bayan kaka.

"Malam, ni gonar ba ta dame ni ba," in ji ta. "Yaran ba su san abin da baffansu ya faɗa ba. Ce musu na yi asibiti nake zuwa."

Shi ya sa ta zo ita kaɗai, ba ɗa ba ɗan'uwa. Na tambaye ta lambar shari'a, ba ta sani ba. Na tambayi shekara, ta ce shekarar da aka naɗa musu sabon dagaci ce, gero kuma bai yi kyau ba. Na yi tsaki a zuciyata, domin ni a iya sanina gero bai taɓa yin kyau a bakin manomi ba. Na shiga ɗakin baya, na ɗauko littattafai uku da nake ganin sun dace da shekarunta, na bi fihirisa ina neman Saude ko Saudatu a layin masu ƙara. Na sami Saude biyu, babu wadda ta fito daga ɓangarensu. Na fito ina atishawa, na ce ta je ta dawo jibi.

Ban sake waiwayar maganar ba sai da na gan ta ranar Alhamis. Ofishin a cike yake da maza, masu rikicin iyakar gona, kowa na son a saurare shi ya koma shuka. Na ce mata tunda sunanta bai fito ba, ta faɗi sunan mijin in duba ɗaya layin. Ta sunkuyar da kai ta ce ɗan gidan Sarkin Noma ne na garinsu. Na ce ba gidansu na tambaya ba, sunansa. Ta ce ai Malam ake ce masa. Na sake tambaya karo na uku, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, bakinta yana motsi, amma babu abin da ya fito.

Nan na yi abin da nake jin kunyarsa har yau. Na ɗaga murya a gaban mutane na ce ban taɓa ganin matar da ta yi aure ba ta san sunan mijinta ba, in ma ƙarya ce ta shirya gara ta faɗa tun da wuri, kotu ba wurin wasa ba ce. Wasu suka yi dariya. Ta tashi ta fita a hankali. A raina na riga na yanke cewa ƙanin marigayin ne mai gaskiya.

Akwai wata tsohuwa mai share mana kotu, Iya Talatu, wadda ta girme ni, kuma ba ta tsoron kowa har alƙali. Da aka watse ta shigo da tsintsiyarta, ta share ko'ina ta bar ƙarƙashin teburina. Ta tsaya ta dube ni.

"Malam, Allah ya ji ƙan Inna. Ka taɓa jin ta kama sunan Baba?"

Na ce a'a.

"To mijin fari ne fa. Ko ya sake ta, ko ya mutu, ko ya ɓace, bakinta ba zai iya ba. Balle a gaban ƙattai goma."

Mahaifiyata ta yi shekara hamsin da mahaifina, ta rasu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko na yayanmu ɗan farinta. A wannan kunyar na tashi, a cikinta na girma. Amma shekara talatin da wani abu a bayan tebur sun sa na manta, na koma ganin mutum a matsayin layi biyu a fihirisa. Iya Talatu ta ce matar tana nan a gindin darbejiya tana jiran mota, kuma ta ce mata ta dawo da safe. Ta ƙara da cewa in ina da hankali in karanto sunayen da bakina, matar kuma ta amsa.

Ranar Juma'a rabin wuni muke yi, alƙali kuma yakan tashi da wuri don ya sami masallaci a garinsu. In ya tafi bai sa hannu ba, sai Litinin, a daidai lokacin da ake zaman gado a can. Saude ta riga ni isowa. Na ce wa masinja kada ya bar kowa ya shigo, na sa Iya Talatu ta zauna kusa da ita a kan tabarma. Da taimakon tsohuwar muka gano shekarar naɗin dagacin, domin ta tuna a shekarar ta aurar da 'yarta ta biyu. Ashe na yi kuskure da shekara biyu a lissafina na Talata. Na koma ɗakin baya na zaƙulo wasu littattafai biyu daga ƙasan kabad, gara ta ci bangon ɗaya har ta fara taɓa shafuka.

Na fara duba sunanta, nan ma babu. Sai na koma layin waɗanda ake ƙara, ina karanta sunayen mazan da aka kai ƙara kan aure, ɗaya bayan ɗaya, kamar malamin firamare yana kiran suna. Ita tana girgiza kai. Muka gama littafi na farko babu. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, na ji alƙali yana tambayar masinja ko an zuba wa motarsa ruwa. A tsakiyar littafi na biyu na karanta wani Haruna, na haɗa da sunan ubansa da na unguwarsu. Ba ta girgiza kai ba. Ta ja mayafinta ƙasa, ta ce a hankali, "Shi ne."

Na mayar da idona layin mai ƙara. Ba a rubuta Saude ba, an rubuta Idi Maƙeri. Na karanta mata, ta ce babanta ne, shi ya kawo ta ranar, shi ya yi magana, ita tana bayansa tana kuka. Doka ta ce sunan matar ake sa wa a fihirisa, domin aurenta ne, ko da waliyyinta ne ya tsaya mata. Wani malalaci ya ga dattijo ne ke magana, ya rubuta sunan dattijon ya huta. Na buɗe baki zan tsine wa mai rubutun, sai na ƙara duban shafin da kyau. Na san yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafi, na san tawadar shuɗiya da yake so. Hannuna ne.

Ban tuna ranar ba, ban tuna fuskarta ba, ban tuna Idi Maƙeri ba. Amma na tuna saurayin da yake zama a kusurwar kotun yana sauri don ya tashi ya je kallon ƙwallo. Na tuna tsohon alƙalinmu na lokacin, Allah ya gafarta masa, ya sha ce mini in riƙa rubuta sunan mai auren, ni kuwa ina ganin ƙaƙale ne irin na tsofaffi. Ko da na dace da shekarar tun ranar Talata, ba zan same ta ba. Zuwa uku ta yi a mako ɗaya, da shuka a gabanta, ta sha zagi a gaban maza, duk saboda kalma ɗaya da na ƙi rubutawa.

Allah ya taimake ni, a cikin shari'ar kanta na rubuta komai daidai: Saudatu 'yar Idi, sammacin da aka aika, wa'adin da aka bayar, shaidu biyu, da hukuncin raba aure. Injinmu na kwafi ya daɗe da mutuwa, don haka na zauna na kwafe shafi biyu da hannu, da hannun da ya yi ɓarnar tun farko. Muka gwada da masinja, shi yana karanta na asali ina bin nawa. Na buga hatimi, na sa hannu, na ɗauki kwafin da littafin, na tare alƙali ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ya karanta a tsaye, ya ce rubutun nan biyu ai kamar na mutum ɗaya. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na mutum ɗaya ne." Ya dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu a kan murfin motar.

Ƙa'ida ce a karanta wa mai nema abin da aka ba shi in bai iya karatu ba. Na karanta mata tun daga farko, da na zo kan sunan mutumin sai na ce "wane" na wuce. Iya Talatu ta gyaɗa kai. Da na gama na gaya mata gaskiya, cewa ni na rubuta shari'ar, ni na bar sunanta, kuma abin da na faɗa mata jiya zalunci ne, ta yafe mini. Na so ta yi fushi, da ya fi mini sauƙi. Sai ta naɗe takardar a leda, ta sake sa ta a wata ledar, ta ɗaure a bakin zaninta.

"Ba komai, Malam," in ji ta. "Ai ka rubuta. Da ba ka rubuta ba fa?"

Bayan kwana goma na haɗu da rajistaran waccan kotun a wajen wani taro. Ya ce da aka karanta takardar, ƙanin marigayin cewa ya yi shi dama tambaya kawai ya yi. Aka raba gado, yaran kuma ba su taɓa jin komai ba. Ban sake ganin Saude ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu kuna da kwamfuta, kuna ganin mu mutanen da wahala kawai muka sha. To kwamfuta ma abin da aka sa mata take nemowa. Abin da na koya a makare shi ne, mutanenmu ba sa zuwa da lamba da kwanan wata. Suna zuwa da kunyarsu da shekarar da gero bai yi ba, aikinka ne ka san yadda za ka tambaye su. Layin da kake rubutawa kana hamma kuma, wata rana shi kaɗai ne zai tsaya tsakanin 'ya'yan wata da bakin duniya.

Watannin da suka rage mini na ƙarar da su a ɗakin baya da jan biro. Ina buɗe duk shari'ar aure da na rubuta a ƙuruciyata, in na ga sunan uba ko wa ko kawu a fihirisa, sai in nemo sunan matar in rubuta a gefe. Littafi huɗu na gama, takardar ritaya ta iso. Saura bakwai, suna nan a ƙasan kabad ta hannun hagu, in gara ta bar su. Na gaya wa wanda ya gaje ni, ya ce in sha Allahu zai duba, da irin muryar da na ce wa Saude ta je ta dawo jibi.