Gira Ɗaya da Kwalbar Jan Farce

Idan ka bi ta layin masu gyara, za a gaya maka wai akwai wata mata da ke warkar da matacciyar kwamfuta da jan farce. Wai ana kawo mata gawar a kafaɗa, ta buɗe cikinta, ta yi mata kwalliya, ta ce, "Tashi, 'yar nan, kin yi kyau," kwamfuta kuwa ta ji kunya ta tashi. Mai shayin bakin layi ya rantse ya ga wata da ta yi shekaru a mace ta farka tana fari da ido. Mai aski ya ƙara da cewa in kwamfutar namiji ce, sai an haɗa da turare.

To, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Matar tana nan, 'yar kawuna ce, taubashiyata ta gidi. Kwalbar jan farcen ma tana nan cikin jakarta. Abin da babu shi ne kwamfuta mai kunya.

Gira Ɗaya muke ce mata a gida, ko da yake girar ta daɗe da tsirowa, har ta fi 'yar'uwarta kauri. Ubanta, Kawu, mai gyaran rediyo ne tun zamanin da rediyo ke da girman akwatin gawa. Shagonsa siriri ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Kantoci cike da rediyoyin da masu su suka manta, gwangwanaye cike da ƙananan kaya, tebur duk tabon ƙuna, ga ƙarfen liƙinsa mai mariƙin katako da ya yi baƙi don gumi. A ƙarƙashin teburin nan ta girma, tana tsintar ɗigon dalma tana tarawa. Uwata yake kiranta, ko da tana majina.

Ran nan, tana 'yar budurwa, Kawu ya fita ya bar wata amsa-kuwwa a buɗe da kafasita guda da zai canza. Ga wanda bai sani ba, kafasita wani ɗan gwangwani ne kamar kan yatsa, mai ƙafa biyu da zane a gefe ɗaya. Aikinta ta tara wuta ta riƙa sakinta a hankali, kamar randa da ruwa. Amma ƙafafun nan kowace da raminta. Yarinya ta liƙa ta a juye, ta sunkuya kanta, ta kunna.

Ƙarar da aka ji, tantabarun unguwa ba su dawo ba sai da suka yi jikoki. Wani tsoho kurma a bayan layi ya ce, "Wa ke sallama?" Da hayaƙi ya lafa, sai ga ta tsaye, gira ɗaya ta yi gaba. Kawu ya dawo ya duba fuskarta, ya ga wutar ta tsaya dab da ido. Ya ce, "Muddin ina numfashi, hannunki ba zai ƙara taɓa ƙarfena ba." Daga ranar kuma Uwata ta ɓace daga bakinsa, sai "ke".

Da wata ce, da ta haƙura. Ita kuwa kan nan nata ko guduma sai ta yi hutu. Ta je ta koyi aikin a wani bene da ake gyaran kwamfuta, ta zaɓi abin da kowa ke gudu, wato fawa, akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke ba wa kwamfuta wuta. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ci gaba da gyara a kan teburin ɗakinta. Kuma tun daga ranar girar, ba ta taɓa cire kafasita ba sai ta ɗiga jan farce a jikin allon da ake liƙa kayan wutar a kai, daidai gefen da zanen tsohuwar yake kallo. Shi ke nan asirin. Mijinta ya ce babu abin da ya tsira a gidan, har agogon bango in ka buɗe za ka same shi da ɗigo.

Sai idon Kawu ya soma gajiya. Da farko ya ce fitilun zamani ne ba su da haske, daga baya ya ce masu kamfani ne suka rage girman rubutu don mugunta. Ƙarshe ya yi wa wani mai takalma alkawarin shagon. Gira Ɗaya ta ji labari, ta ɗauki jakarta ta taho. Ba ta san me za ta ce ba. Abin da ta sani shi ne ba za ta iya ganin silifa a kan teburin da ta girma a ƙarƙashinsa ba.

Ta tarar da shago ya cika ya batse. Mai takalma na bakin ƙofa da igiyar awo. A ciki kuma maƙwabcin Kawu ne, mai buga takardu, ya rungumo tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa injinsa kamar mai kai yaro asibiti. Ya zaga kasuwa kaf, babu fawa irin tata, siririya ce, an daina yin ta tun tuni. Kawu ya buɗe fawar, ya kafa tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, yana lalube.

"Baba, sannu da aiki."

"Ke, me ya kawo ki?"

"Wucewa nake yi." Ta leƙa ta kafaɗarsa. Ga kafasitocin nan a jere wajen da wayoyi ke fita, kawunansu sun kumbura kamar kumatun mai busa, ɗaya har ta yi amai ya bushe. Yatsunta suka soma ƙaiƙayi. "Baba, sun kumbura fa."

"Na gani."

"Guda nawa?"

Kawu ya gyara tabarau, ya ci gaba da lalube. Mai buga takardu ya dubi uba, ya dubi 'ya, ya marairaice. "Maigida, don girman Allah. Aikin mutane na kan injina."

Kawu ya ja kujerarsa baya kaɗan, tazarar da ko kyanwa sai ta yi dabara. "Da ƙarfenki za ki yi, ba da nawa ba. Kuma abin da na ce shi za ki yi."

Ai kafin ya rufe baki ta zauna. Ta fara taɓa manyan kafasita biyun nan na ciki da kwan fitila mai waya, ya yi wal ya mutu, don waɗannan ko an cire su daga soket suna riƙe wuta kamar mai riƙon gaba. Sannan ta zaro kwalbar. Mai takalma ya saki igiyar awo ya yi waje da gudu yana cewa, "Ku zo, za ta shafa!" Kan ka ce kwabo ƙofa ta toshe da kawuna, har da wani taubashinta da aiki bai taɓa kama shi a gida ba.

Ɗigo, ɗigo, ɗigo. Ta narka dalma, ta zare tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ta share ramukan. Ta zaɓo sababbi masu lamba daidai, waɗanda ke jure zafi. Hayaƙin dalma ya tashi, ƙamshin yarintarta, har ta ji kamar ta yi waƙa. Kawu na gefe da mitar gwada wuta, yana taɓa kowane rami da baƙar waya, in mita ta yi tsuwa ya ce, "Ƙafa mai zane nan." Ta duba ɗigonta, daidai. Haka suka yi ta tafiya baki ɗaya, sai a kan ta ƙarshe, wata 'yar ƙarama a lungu.

Mita ta yi tsuwa a ramin hagu. Ɗigonta yana dama.

"Mai zane hagu," in ji Kawu.

Ta bi layin wutar da ido a bayan allo, ta ga inda ya nufa. "Baba, wannan dama ce."

"Ƙafa mai zane wajen baƙar waya take zuwa. Tun ba a haife ki ba haka take."

"Haka ne, Baba, ban da wannan. Layin shuɗiyar waya take, shi wutarsa a juye take tafiya. Kuma tsohuwar tana zaune na yi ɗigon."

"Ke! Ɗaya girar ce ta ishe ki?"

Ta san in ta bi shi, abin zai fashe a hannunta, a ce har yanzu ba ta iya ba. In ta saɓa masa a gaban mutane kuwa, ko ta yi daidai yana iya miƙa wa mai takalma makulli don haushi. Sai ta ɗauki hannunsa, wanda rabonta da riƙe shi tun tana ƙarama, ta ɗora kan farcensa a ramin dama, ta ja shi a hankali bisa layin har ya tsaya a gindin waya.

"Wace kala ce?" Kawu ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Shuɗiya, Baba."

Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Sannan ya ce, "Liƙa."

Ta liƙa. Ta haɗa fawar ta cikin kwan fitila don ko da akwai matsala shi zai shanye ta, ta lanƙwasa 'yar waya ta haɗa koriyar waya da baƙa don fawar ta tashi ita kaɗai. Masu kallo suka ja baya, mai aski ya dafe girarsa da hannu biyu. Ta kunna. Kwan ya yi haske, ya dushe. Fanka ta yi wani ɗan motsi kamar mai shawara, sai fuuu, ta kama juyi!

Ihun da aka yi, tantabarun nan suka sake ƙaura. Da aka mayar da fawar, kwamfuta ta yi tsuwarta ta tashi, mai buga takardu ya rasa wanda zai runguma ya rungumi mai takalma. Kawu kuwa bai yi ihu ba. Ya laluba ya ɗauko ƙarfensa mai mariƙin katako, ya ajiye a gabanta, ya ɗora makulli a kai.

"Uwata, bakinsa ya ci, ki goge shi." Ya juya wajen ƙofa. "Kai kuma naɗe igiyarka."

Ba ta yi kuka ba, in ji ta. Hayaƙin dalma ne.

Yanzu tana nan a shagon, Kawu na kan kujera a bakin ƙofa yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi ya koya mata ɗigon. Taubashin nan nata kuwa ya leƙa kwanan baya, ya miƙa mata yatsunsa goma, ya ce, "Gira Ɗaya, kaina ke ciwo. A shafa mini ko zan tashi?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai ai naka ya wuce gyara. Da an yi maka ɗigo kafin a ɗora maka kan nan, da ba a liƙa shi a juye ba. Matsa, kana tare mini haske."